Kulocin 350Z Ya Fara Zamewa: A Canja Yanzu Ko A Jira?

Wani matashi daga Aboabo, nan Kumasi, ya aiko da wannan tambaya:

"Masta, ina gaisuwa. Bara na sayi Nissan 350Z ta 2007 mai giyar hannu, daga Amurka aka kawo ta ta tashar jirgin ruwa ta Tema. Agogonta yana nuna mil 94,000. Wata biyu ke nan sai na kusa ɗage ƙafa gaba ɗaya kafin kuloci ya kama. Makon jiya a hanyar Accra, bayan Ejisu, na taka totur a giya ta biyar zan wuce wata tirela, sai allurar inji ta yi sama amma motar ba ta ƙara gudu ba sai daga baya. Sau ɗaya kuma na ji ƙauri a kan hawa. Wani fita, wato makanike, ya ce in canja yanzu, wani kuma ya ce a gyara feda kawai, zai kai ni shekara. Wa zan bi?"

Ƙanena, ina amsawa, Allah ya ƙara tsarewa. Kafin in taɓa maganar feda ko ƙauri, bari in tsaya a kan abin da ya same ka bayan Ejisu, don shi ya fi tsaya mini a rai da na karanta saƙonka. Ka san hanyar nan, a wurare da yawa layi biyu ne kawai, na mai zuwa da na mai tafiya. Ka fito daga bayan tirela, ka auna tazarar motar da ke tahowa gwargwadon ƙarfin da motarka ta saba ba ka, ka taka, sai ƙarfin ya maƙale a kuloci bai isa taya ba. Daƙiƙa biyu ko ukun da ka rasa a wurin su ne tsakanin komawa hannunka lafiya da abin da ba ma fata. Don haka fita na farko ya fi kusa da gaskiya. Na biyun ma akwai abu ɗaya a maganarsa da ya kamata a duba kafin a kwance ko noti ɗaya, zan zo kansa.

Ka fara da cire lambar agogo daga lissafi. Mil 94,000 ya haura kilomita 150,000 da kaɗan, tunda motocin Amurka da mil suke ƙirga, kuma mil ɗaya kilomita 1.6 ne. Amma a shekarun da na yi a Magazin ɗin Suame, unguwar makanikai da masu sayar da kayan mota a nan Kumasi, na sauke kulocin da ya mutu bai kai kilomita 40,000 ba, na kuma ga wanda ya wuce 200,000 yana aiki lafiya. Kuloci ba ya cinyewa a lokacin da mota ke gudu a miƙe, domin a lokacin a manne yake da inji, babu gugar komai. Yana cinyewa ne a ɗan tsakanin da ƙafarka ke sakin feda, sa'ad da inji ke juyawa da sauri shi kuma giyabos bai kamo shi ba. Wanda ya tashi daga Kumasi zuwa Tamale bai fi ya taka kuloci sau ɗari ko ɗari biyu ba. Wanda ya taso daga Aboabo ya bi ta Anloga Junction zuwa Adum da yamma zai iya yin haka kafin ya isa. Ga shi ba ka san ƙafar wanda ya riƙe motar a can ba, ba ka san ko an taɓa canja kulocin ba, kuma irin wannan mota ba tsofaffi masu zuwa asibiti ke sayenta ba.

Abin da ke ciki kuwa guda uku ne a manne da juna. Akwai fulawil, babban faifan ƙarfe da ke ɗaure a bayan inji yana juyawa tare da shi. Akwai filet, faifan da aka lulluɓe fuskokinsa biyu da abu irin na birki, shi kuma yana zaune a kan sandar giyabos. Sai firesha, murfi mai sifirin da ke da yatsu a zagaye, wanda ke matse filet a jikin fulawil. In ka taka feda, man da ke cikin silindar sama ya tura silindar ƙasa, ita kuma ta tura boris, wato zoben ƙarfe mai ƙwallaye a ciki da ke juyawa, boris ya danna yatsun, matsin ya saki. Sabon filet kaurinsa bai wuce milimita 8 zuwa 9 ba, kuma ba duka ake ci ba. A littattafan gyara na motocin Japan da yawa, in tazarar da ke tsakanin fuskar filet da kan ƙusoshin da suka riƙe ta ta sauko milimita 0.3, to ya ƙare. Ka ga ashe ɗan abin da ake cinyewa a duk rayuwar kuloci bai fi kaurin tsabar kuɗi ba. A kan wannan ɗan abin injinka mai ƙarfin doki 306 yake sauke ƙarfin murɗawa da ya haura Nm 360.

Me ya sa a giya ta biyar ya zame, alhali a ta ɗaya da ta biyu kana jin motar garau? Wannan yana ruɗa mutane da yawa, har su ce ai da kuloci ne da tun a tashi zai nuna. A ƙananan giyoyi taya ba ta gardama: inji ya murɗa, mota ta zabura nan take. A ta biyar da ta shida nauyin mota da iska suna turjewa, inji yana murɗawa da dukkan ƙarfinsa, kuloci yana tsakiya ana ja-in-ja a kansa na tsawon lokaci. In matsinsa ya ragu, nan zai fara saki. Daga baya ya sauko ta huɗu, ta uku, har ranar da za ka saki feda a gaban gida mota ta ƙi motsi. A motoci masu tabo (turbo), wato na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska, irin su Golf GTI da Subaru WRX, abin ya fi saurin bayyana, don ƙarfinsu tun allura tana ƙasa yake zuwa gaba ɗaya, balle in an taɓa kwamfutar injin an ƙara masa ƙarfi.

Ga yadda za ka tabbatar da kanka. Ka bari mota ta yi zafi sosai, don kulocin da ya gaji yakan riƙe da sanyin safiya ya saki bayan tafiyar minti ashirin. Ka sami miƙaƙƙiyar hanya da ba kowa, in da ɗan hawa ya fi. Ka ɗauki wani ya zauna gefenka ya sa ido a kan allurai biyu, kai kuma idonka a hanya. Sa giya ta biyar, allurar inji tana wajen 2,000 zuwa 2,500, ƙafar hagu a ƙasa nesa da feda, sai ka taka totur har ƙasa na daƙiƙa uku ko huɗu. A lafiyayyen kuloci allurar inji da ta gudu tare suke hawa, a hankali, kamar an ɗaure su da zare. In ta inji ta zabura ta bar ta gudu a baya, ko ta hau sannan ta ɗan dawo kamar ta tuna wani abu, to yana zamewa. Sau ɗaya ko biyu ya isa. Akwai tsohon gwajin da aka koya mana muna yara, a ja birkin hannu a sa giya ta uku a saki kuloci a ga ko inji zai mutu. Yana nuna kulocin da ya riga ya lalace ƙwarai, amma wanda ya fara gajiya yakan tsallake shi, kuma gwajin kansa ƙona filet yake yi. A mota mai ƙarfi irin taka ba na so.

Yanzu maganar fita na biyu. Kulocin motarka da mai yake aiki, ba da waya ba, kuma irin wannan da kansa yake cike giɓin da cin filet ya bari. Babu wani noti a ƙarƙashin sitiyari da zai mayar wa filet naman da ya rasa. Abin da ake juyawa a wurin sanda ce da ta haɗa feda da silindar sama, kuma tana sauya inda ƙafarka ke jin kamawa ne kawai. Sai dai ga inda maganarsa take da amfani. A cikin silindar sama akwai ɗan rami da mai ke komawa kwalba ta cikinsa idan ka saki feda. In wani ya taɓa tsawaita sandar nan fiye da kima, fistin ba ya komawa ƙarshe, ramin ya toshe, mai ya yi zafi ya kumbura ya rasa mafita, sai ya riƙa danna boris kaɗan-kaɗan kamar ka ɗora ƙafa a kan feda. Lafiyayyen kuloci ma zai zame a haka, musamman bayan doguwar tafiya. Don haka ka sa hannu, ba ƙafa ba, ka danna fedar a hankali. Ya kamata ka ji ɗan wasa na 'yan milimitoci kafin ta fara tauri. In babu wasa ko kaɗan, a daidaita sandar, a sake gwajin giya ta biyar. In zamewar ta tafi, ka tsira da kuɗinka na wani lokaci. In tana nan, magana ta ƙare. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a juya sandar don kawai kamawar ta sauko ƙasa, ka ji daɗi a ƙafa, alhali filet yana nan yadda yake.

Kamawa a sama ita kaɗai ba ta isa a sauke giyabos ba. Wasu motocin haka aka ƙera su, wasu kuma, kamar BMW da yawa, fireshansu yana gyara kansa yayin da filet ke cinyewa, feda ba ta sauya ko kaɗan har ranar da zai zame. Abin da ya ba ta nauyi a wurinka shi ne ka ce wata biyu ke nan, wato da ba haka take ba. Ka kuma lura ko fedar ta ƙara tauri a kan yadda ka san ta, don filet in ya sirance yatsun sifirin suna sauya tsayuwa, takawa ta yi nauyi. Mai mota ba ya saurin ganewa tunda kullum ƙafarsa tana kai, sai wani ya karɓi tuƙi ya ce wannan feda kamar dutse.

Ƙauri sau ɗaya a kan hawa bai dame ni ba. Sabon kuloci ma zai yi ƙauri in ka riƙe mota da shi a hawa cikin cunkoso. Wanda zai dame ni shi ne ƙaurin da ke zuwa ba tare da ka wahalar da shi ba.

Akwai wata cuta dabam da ake ɗora wa filet alhali ba ruwansa, kuma ina so ka san ta don kada wata rana a sa ka sayi abin da ba ka buƙata. Ita ce kuloci ya ƙi saki. Alamarta giya ta ɗaya ko ribas su ƙi shiga in inji yana aiki, ko su shiga da ƙara, amma da ka kashe inji su shige sumul. Ko feda ta yi laushi, ko ta kwanta a ƙasa ta ƙi dawowa bayan ka daɗe a cunkoso. In ka taka ta sau huɗu ko biyar da sauri sai giyar ta shiga, to matsalar a mai take: ko iska ta shiga, ko robar silinda ta gaji, ko man ya tsufa. Man kuloci man birki ne, DOT 3 ko DOT 4, kuma yana shan danshi daga iska. A garin da ke da damina biyu a shekara irin Kumasi, man da ya shekara uku ko huɗu ba a taɓa ba ya sha ruwa, in ya yi zafi sai ya tafasa. Buɗe kwalbar ka duba. In ya yi baƙi kamar shayin da ba madara, a zubar a sa sabo, kuma a riƙa yin haka duk shekara biyu. Kusan babu wanda ke yi, har cikin masu wanke mota sau uku a mako.

Kunne ma yana da aikinsa. Tsaya a wuri shiru, giya a firi, inji yana aiki. In ƙara ta taso sa'ad da ka fara danna feda, kamar kukan gyare ko gurnani, ta ɗauke in ka saki, boris ɗin kuloci ne. In kuwa ƙarar tana nan ƙafarka a ɗage, ta ɓace da ka taka, to ka nemi laifin a boris ɗin sandar giyabos ko a fulawil. In kana jin ƙwal-ƙwal sau biyu ko uku daidai lokacin da ka kashe inji, wannan ma fulawil nake zargi. Karkarwa a tashi kuma, mota ta riƙa girgiza kafin ta miƙe, tana iya zama fulawil da ya ƙone wuri-wuri, ko mai da ya taɓa filet, amma a duba robobin da ke riƙe inji da giyabos tukuna, don hanyoyinmu suna kashe su kuma ganinsu ba ya buƙatar sauke komai.

Mai da ya taɓa filet, wannan darasi ne da na koya da zafi. Ina sabon buɗe wurina aka kawo mini wata mota tana zamewa. Na sauke, na ga filet ya jiƙe, na ɗauka tsohon datti ne, na sa sabo na mayar. Wata biyu ba su cika ba ta dawo da cutar da ta zo da ita. Sil ɗin bayan inji, wato robar da ke hana man inji fita, shi ne ke yoyo, yana ɗiga a kan fulawil, juyawa tana watsa shi. Na sake aikin da kuɗina, kuma har yau in na tuna fuskar mutumin nan ba na jin daɗi, don amana ya ba ni. Tun daga ranar ba na mayar da giyabos sai na cire fulawil na ga sil da idona. Kai ma ka sa a ɗaga motar a duba ƙasan gidan kuloci, inda inji da giyabos suka haɗu. In akwai jiƙa, a shafa a shinshina. Man inji baƙi ne, man giya yana da wari mai hawa kai da ba ya ɓuya, man birki kuma tsinkakke ne kamar ruwa, yana cin fenti.

To me jira zai jawo maka? A nan ne motarka ta bambanta da yawancin tasi da wasu tirotiro, wato ƙananan bas na haya. Fulawil ɗin 350Z mai ɓari biyu ne. Ƙarfe biyu ne da sifirin da giris a tsakaninsu, an yi shi don ya shanye bugun inji kada ya isa giyabos. Kamfanin LuK na Jamus ne ya fara fito da irinsa a 1985, yanzu ya cika motocin Turai da masu dizal. Fulawil na da, wanda dunƙulen ƙarfe ɗaya ne, in ya ƙone sai a kai wa masu injin gyaran ƙarfe nan Magazin su share fuskarsa a mayar. Mai ɓari biyu masu ƙera shi ba su yarda a share shi ba, don ɓarin gaba yana motsi a kan na baya, ga garin ƙarfe da zai shiga ciki. Duk zamewa ɗaya zafi ne mai tsanani a fuskarsa. Zafin ya bar tabo shuɗi-shuɗi, ya tsattsaga fuskar, ya narkar da giris ɗin ciki. In filet ya kai ƙusoshi kuma, su riƙa haƙa masa rami a zagaye. Sau da yawa kuɗin wannan fulawil ya fi na filet da firesha da boris a haɗe. Akwai yaron da na ce wa ya kawo motarsa kafin azumi, ya ce sai bayan Salla, yana so ya fita da ita ranar idi. Ya fita, ya kuma yi wasan da samari ke yi da taya a gaban abokai. Kwana uku bayan Salla aka jawo ta da igiya, kuma abin da da filet da firesha za su wadatar ya koma har da fulawil, motar ta yi makonni a wurina tana jiran kaya.

Wannan jiran kaya shi ne dalili na biyu da nake so ka motsa yanzu. Kulocin Corolla ko Sprinter ka shiga Magazin da safe ka fito da shi kafin azahar. Na 350Z sai an bincika, a nan ko a kasuwar kayan mota ta Abossey Okai a Accra, kuma sau da yawa sai an yi oda daga waje. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka yi oda da lambar shasi, mai harufa da lambobi 17, kada ka ce "ta 350Z" kawai. Daga 2003 zuwa 2006 injinsu ɗaya ne, a 2007 aka sauya inji, kuma kayan kulocinsu ba sa shiga na juna. Babban bambancin da ya shafe ka shi ne a ta 2007 da 2008, har da 370Z da ta biyo baya, silindar ƙasa a cikin gidan kuloci take, haɗe da boris, a zagaye da sandar giyabos. A tsofaffin tana waje, noti biyu ka cire ta. A taka kuwa in ta yi yoyo sai an sake sauke giyabos gaba ɗaya, kuma man da ta zubar a kan sabon filet ɗinka zai sauka. Saboda haka duk wanda ya ce maka tsohuwar tana da kyau a mayar, kada ka saurare shi. A rana ɗaya a sa filet, firesha, silindar ƙasa da boris ɗinta, ɗan bushin da ke tsakiyar bayan inji inda kan sandar giyabos ke zama, da sil in ya nuna ko alamar jiƙa. Fulawil kuma a gwada shi a hannu: a juya ɓarin gaba hagu da dama a ga iyakar wasansa, a girgiza shi a ga ko yana rawa, a duba ko giris ya fito. A motar da ta yi kilomita 150,000 ka shirya kuɗinsa a gefe tun kafin a buɗe.

Kayan hom-yus, wato waɗanda aka yi amfani da su a ƙasashen waje aka kawo, ina sayensu kullum, kuma ba na raina su. Ƙofa, fitila, giyabos, har inji sukutum. Filet da silindar ƙasa kam a'a. Abu ne da aka yi shi don ya cinye, wani ya riga ya ci rabonsa, kai kuma za ka biya aikin sauke salansa da farfela da giyabos don ka sa ragowar. Haka nan masu sake liƙa wa tsohon filet sabuwar fuska: a babbar motar da ke tafiya a hankali suna da ranarsu, amma injinka yana juyawa har 7,500 a minti, kuma fuskar da ta ɓalle a wannan gudu ba ta tsayawa a wuri ɗaya. Ka nemi na kamfanonin da ke yi wa masu ƙera motoci kaya, irin su Exedy, LuK, Sachs, Valeo ko Aisin, ka kuma duba kwalin da kyau don jabu ya yi yawa a kasuwa.

Abokanka za su ce tunda an buɗe ka sa na tsere. Za ka ga ana rubuta mataki na biyu, mataki na uku, kuma wannan ba wani ma'auni ba ne da aka yi ittifaƙi a kai, kowane kamfani da abin da yake nufi. Filet mai fuskar tangaran, wanda aka yanka kamar fuka-fukan fanka, yana jure zafi kuma yana riƙe ƙarfi mai yawa, amma kamawarsa farat ɗaya ce, babu lallashi. Ka tuna inda kake tuƙi. Motarka a ƙasa take, kowane tudun rage gudu sai ka hau shi a karkace da rabin kuloci, kuma tsakanin Aboabo da Tech Junction ka san yawansu. Ka ƙara da zagayen Suame da yamma, ga hawa ga tirotiro a manne da bayanka. A irin wannan tuƙi filet na tsere zai riƙa fizgar motar, ya gajiyar da gwiwarka, ya ci fulawil. In ba ka ƙara wa injin ƙarfi ba, irin wanda motar ta zo da shi ya fi maka. Haka batun mayar da fulawil ya zama dunƙule ɗaya mara nauyi. Ana yi, yana da araha a kan mai ɓari biyu, inji yana saurin amsa totur, kuma nan gaba ana iya share shi. Amma giyabos zai riƙa kaɗa ƙara a firi kamar ana girgiza tsakuwa a gwangwani, tashi a hawa zai ƙara wuya, kuma dole a haɗa shi da filet mai sifirin a tsakiya. Wanda ya san da haka ya zaɓa, ba laifi. Wanda aka sa masa ba a gaya masa ba shi ne ke dawowa da faɗa.

Kafin kayan su iso, ka ajiye tafiyar Accra, ka manta da hawan Kwahu daga Nkawkaw da gangaren tafkin Bosomtwe. A cikin gari ka riƙa tafiya da giyar da ke ƙasa da wadda ka saba, allura ta ɗan hau amma totur kaɗan, don taka totur da yawa a babbar giya shi ke sa shi saki. Da ka ji ya zame ka ɗage ƙafa nan take. A danja ka sa firi ka sauke ƙafa, a hawa ka riƙe mota da birkin hannu. Kada ka wuce kowace mota a inda sai ka dogara da ƙarfin inji.

Ranar aiki ka je da kanka, ko ba za ka wuni ba. Ka tabbatar mai aikin yana da sandar daidaita filet a tsakiya, yana kuma da sifana mai auna ɗauri, don notocin fulawil da na firesha da awo ake ɗaure su, a tsallake-tsallake, ba da ƙarfin dantse ba. Giris a haƙoran sandar giyabos ɗan shafi ne kawai, in ya yi yawa shi ma kan filet zai watsu. Kada a bar nauyin giyabos ya rataya a kan filet yayin shigarwa, yana lanƙwasa shi tun bai fara aiki ba. Yaran gareji kuma kada su busa ƙurar gidan kuloci da iskar kwamfiresa, a goge da jiƙaƙƙen tsumma, don wasu tsofaffin filet da na araha suna da asbestos, kuma huhun yaran nan amana ce a hannunmu.

In an gama, kilomita 800 na farko ka bi shi a hankali, kuma a cikin gari, inda ake yawan canja giya, don fuskokin su zauna da juna. Zuwa Accra da dawowa ba ya shiga wannan lissafi. Ka kuma ce a ba ka tsohon filet ɗin ka duba. In ya cinye daidai ko'ina har kusa da ƙusoshi, shekaru ne suka cinye shi. In da sauran nama amma fuskar ta yi ƙyalli da baƙi, yatsun firesha kuma boris ya ci bakinsu, to ƙafa ce ke kwana a kan feda, ko taka ko ta mai motar na farko. In taka ce, akwai wurin ajiye ƙafa a hagun fedar, can za ta riƙa komawa duk lokacin da giya ta shiga.